Mai Saƙa da Karen Gidan Katako

A ɗakin gadi na wani gidan katako ta tashi, ɗaki ƙwaya ɗaya manne da ƙofar shiga, mai 'yar taga da ke kallon titi. Mahaifiyarta ta rasu tun ba ta yi wayo ba, don haka daga ita sai babanta, sai ƙarar injin yanka da ƙurar katako mai shiga har cikin kwanon abinci. Baban mai gadi ne, dogon mutum marar yawan magana, kuma bai taɓa kiran ta da sunanta ba. "Uwata" yake ce mata, saboda sunan mahaifiyarsa ta ci.

Gidan katakon bai taɓa rabuwa da kare ba, amma ita ba ta taɓa shafa ko ɗaya ba. A cikin akwatin katako ake rufe su wuni guda, a lulluɓe da tamfol, leburori na wucewa suna dukan akwatin da sanda don karen ya ƙara zafi. Sai an tashi aiki an kulle ƙofa ake sakin sa. Haka mai wurin yake so, haka kuma kowa ke yi. Wata rana tana ƙarama ɗaya ya ɓalle da rana tsaka ya cafke ta a ƙwauri. Tun daga nan, ko kwikwiyo ta hango sai ta canza hanya.

Da ta tasa, gwaggonta ta ɗauke ta ta koya mata saƙa, da kwarashi da kuma keke. Ta auri wani direban bas mai yawan barkwanci, suka haifi namiji da mace, suka gina ɗan madaidaicin gida a bayan tasha. Rigunan sanyi na jarirai da safa da huluna take yi, kuma duk layin Mai Saƙa ake kiran ta. Yara suka girma suka kama gabansu, namijin aiki ya kai shi nesa, macen ta yi aure a cikin gari. Gidan ya rage daga ita sai maigidan, sai kaji da tunkiya da wata tsohuwar kyanwa. Sau da yawa ta roƙi babanta ya ajiye gadi ya dawo wurinta, shi kuwa kullum amsarsa ɗaya ce: "Uwata, in na taho wa zai ba Guduma abinci?"

Guduma shi ne karensa na ƙarshe, jan kare mai ƙaton kai, kuma kan ne ya jawo masa sunan.

Wata safiya leburori suka zo suka tarar ba a buɗe ƙofa ba. Da suka leƙa ta kan katanga sai suka ga tsohon kwance kusa da famfo, karen na tsaye a kansa, ya hana kowa matsowa. Sai da suka jefa masa tamfol suka danne kafin aka iya ɗaukar mai gadin zuwa asibiti. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, magana ta ɗauke.

Mai Saƙa ta kawo shi gida, ta gyara masa ɗakin ɗanta. Ta yi masa duk abin da 'ya ke yi wa uba, amma abinci ya ƙi shiga. In ta kai cokali bakinsa sai ya kawar da kai ya zuba wa ƙofa ido. Hannunsa mai lafiya kuwa kullum yana lilo a gefen gado, yana laluben wani abu da babu shi. Ta gane abin da yake nema tun ranar farko, amma ta ja bakinta ta tsuke, don ba ta son abin da ganewar za ta jawo mata.

Ana nan sai manajan gidan katakon ya zo duba shi, ya taho da kayansa a buhu: rediyo, tocila, da tsohon kwat ɗinsa na sanyi. Bayan gaisuwa ya ce, "Wannan karen kam ya gagare mu. Ba ya cin abinci, ba ya barin kowa ya je kusa. Shekaranjiya ya yagi hannun wani lebura. Mun yanke shawara a sa masa guba a huta."

Wani irin sauti ya fito daga maƙogwaron tsohon, ba magana ba, ba kuka ba. Ya yunƙura zai tashi har ya kusa faɗowa daga gado. Mai Saƙa ta riƙe shi, ta ji ƙirjinsa na bugawa a tafin hannunta. Ta juya ta ce wa manajan, "Don Allah ku dakata. Zan zo in ɗauke shi."

Da maigidan ya dawo daga aiki ta faɗa masa, sai ya ajiye kofin ruwan da ke hannunsa ya ƙura mata ido.

"Maman yara, ke ce kuwa? Ke da kwikwiyo ya taɓa kora har cikin shagon mai aski?"

"Ni ce."

"Kare mai cizo, a gidan da mata ke shigowa da jarirai? Maƙwabta fa?"

"Maigida, Baba ba ya ci. Ina kallonsa yana narkewa kamar sabulu a ruwa. In na bari aka kashe karen nan, shi ma bin sa zai yi."

Direba ya sake ɗaukar kofinsa ya kurɓa. Can ya ce, "To, a bayan gida zai zauna, cikin waya. Kuma ranar da ya ciji mutum, ba zan nemi shawararki ba."

Washegari ta tafi asibitin dabbobi. Likitar da ta samu wata matashiya ce mai sanyin murya, ita ta bi ta har gidan katako ta yi wa karen allurar barci da ta rigakafi. Suka fito da shi daga akwatin. Haƙarƙarinsa duk a waje, kunnuwa cike da kaska, sarƙa ta ci wuyansa har ta yi gyambo.

Likitar tana wanke gyambon ta ce, "Mama, wannan ba mugunta ke damun sa ba, tsoro ne. Tun yana kwikwiyo mutum ɗaya kawai ya sani da alheri, sauran duk masu dukan akwati ne. Kada ki doke shi, kada ki yi masa tsawa, kada ki tilasta masa kusantar kowa. Daga nesa za ki fara, inda zai gan ki bai firgita ba, kuma duk sanda ya gan ki wani abu mai daɗi ya faɗo gabansa. Amma ban yi miki alkawari ba. Wani yakan gyaru, wani ba ya gyaruwa."

Direba ya kewaye bayan gida da ragar waya, ya yi rumfa da kwano, ta yadda karen zai riƙa hango tsakar gida. Da ya farfaɗo ya ga baƙon wuri, sai ya dinga dukan wayar da ƙirji yana haushi har muryarsa ta dishe. Kaji suka watse, kyanwa ta haye katanga. Mai Saƙa ta ɗora babanta a keken guragu ta turo shi. Haushin ya yanke kamar an ɗauke wuta. Karen ya kwanta, ya jawo ciki har bakin waya yana wani siririn kuka kamar na jariri. Ta buɗe ƙofar kaɗan ta koma da baya. Ya fito ya cusa ƙaton kansa ƙarƙashin hannun da ya shanye, ya tsaya a haka. Hawaye na bin kuncin tsohon ta gefen da ya karkace. A ranar ya shanye kofin shayi har da burodi.

Saura ita. Duk sanda ta fito ita kaɗai, karen zai yage baki har dasashi, gashin bayansa ya miƙe. Sai ta bar keken saƙa a ɗaki ta koma kwarashi. Ta ɗauki 'yar kujera ta zauna can bakin ƙofar kicin, ta ba shi gefe, ba ta kallonsa, tana saƙa. In ya yi shiru sai ta cilla masa guntun busasshen kifi. Da ta ga har yanzu bai sake ba, ta ɗauko tsohon kwat ɗin babanta mai warin gumi da katako ta riƙa sawa, duk zafin da ake yi. Direba na fita aiki zai tsaya ya sara mata ya ce, "Sabon mai gadi, an tashi lafiya? Ina fata ba a yi mana sata ba."

A zaman nan ta koyi karanta shi kamar yadda take karanta zare. In ya yi hamma ba don barci ba, ko ya lashi hanci, ko ya kawar da kai yana kallon ta da farin ido, to ta matso da yawa, sai ta ja kujerarta baya. In kunnuwansa suka saki, ya kwanta a kan ƙugu, sai washegari ta ƙara matsowa taku kaɗan. Wani lokaci a ci gaba, wani lokaci a koma baya ba tare da ta san dalili ba. Har ranar da ta zura kifi ta ramin waya, ya zo ya sunsuna yatsunta, ya ɗauka da leɓɓansa a hankali. Ta koma kicin ta zauna a ƙasa, ta daɗe kafin numfashinta ya daidaita.

Na maigidan ya fi wuya, don maza karen ya fi tsana. Direba ya haƙura da tsayuwa a kansa, ya koma tsugunawa daga nesa yana ba shi labarin fasinjojin ranar, wa ya yi faɗa da kwandasta, wa ya manta kaza a ƙarƙashin kujera. Matan da ke zuwa karɓar saƙa kuwa, sai ta roƙe su su ɗan tsaya a bakin ƙofa, ita ta ba karen abin daɗi yana kallon su, sannan su shige. Wasu suka yi dariya suka tsaya, wasu suka ɗauke ƙafa daga gidan gaba ɗaya. Kyanwa ita ta yi wa kanta sulhu. Ta sauko wata rana ta zauna a inda igiyarsa ba ta kai ba tana lasar ƙafa, da ya miƙo hanci ta wanka masa mari, daga nan kowa ya san matsayinsa.

Ganin abubuwa na tafiya, sai Mai Saƙa ta yi gaggawa. Wata hantsi ta kwance masa igiya a tsakar gida don ya sha iska kusa da keken babanta, ta manta ba ta sa sakata a ƙofar waje ba. Ɗan akuyar maƙwabciyarta, matar wani birkila, ya turo ƙofa ya shigo da tsalle. Kafin ta ajiye kwarashi an gama. Karen ya cafke shi a wuya ya girgiza, da ta ƙwace shi kansa na lilo.

Matar birkila ta shigo ko mayafi babu. "Na faɗa! Tun ranar da aka kawo dodon nan na faɗa! Yau akuya ce, gobe ɗan wa? Ni ina da mai rarrafe a gida, ke naki sun girma shi ya sa ko a jikinki!"

Mai Saƙa ba ta kare kanta ba. Ta ce, "Laifina ne, maman yaro. Ni na bar ƙofa." Ta kwance 'yar tunkiyarta da aka yaye ta kai mata da kanta. Da yamma dattawan layi suka kira Direba suka ce masa wannan ne na farko kuma na ƙarshe. Ya shigo gida bai yi barkwanci ba.

Ta shiga ɗakin babanta ta zauna a bakin gado. "Baba, na gaza," ta ce. "Ban iya ba. Gara in kira likita ta yi masa allurar da za ta kashe shi ba tare da ya ji zafi ba."

Tsohon ya lalubo wuyan hannunta ya riƙe. Ya yi ta kokawa da harshensa, yawu na zuba, har kalma ta fito, ta farko tun da ya kwanta.

"Uwata... sannu."

Ba ta san ko sannu da wahala yake yi mata ba, ko cewa yake ta bi sannu. Ta share masa baki da gefen zaninta, ta ɗauki duka biyun.

Ta koma wurin likitar ta faɗa mata komai ba ɓoye-ɓoye. Likitar ta ba ta takunkumi mai raga wanda kare ke iya haki da shan ruwa a ciki, ta nuna mata yadda za ta riƙa sa kifi a cikinsa har karen ya riƙa cusa baki da kansa. Aka koma farko. A ɗaure uwar tunkiya can ƙarshen gida, shi a nan da igiya, kowa na cin nasa. In ya ƙura mata ido jikinsa ya sandare, Mai Saƙa ta kira sunansa, in ya waiwayo ta ba shi lada. A hankali ya koyi cewa in ya ga dabba, wurin uwar ɗakinsa zai duba. Bayan wani lokaci kaji na tsattsagar abin da ya zubar a gabansa, shi kuwa sai dai ya yi ajiyar zuciya ya juya musu baya.

Sai fita waje. Ranar hutun Direba, da sassafe kafin titi ya cika, shi ya tura keken surukinsa, ita ta riƙe igiya. Likitar na da wata tsohuwar karya mai haƙuri, takan zo da ita su bi ɗaya gefen titin, hanya ɗaya suke bi amma ba a haɗa su fuska da fuska. Da farko Guduma kamar zai tsinke igiya. Daga baya ya koma satar kallo. Titin da ke tsakaninsu ya yi ta raguwa har ranar da suka jera, suna sunsunar gindin turken wuta ɗaya. Tsohon ya yi wata dariya mai karkata da ba su taɓa ji ba tun zuwansa.

Ba wai karen ya zama mai fara'a ba ne. Har ƙarshen rayuwarsa bai yarda baƙo ya shafa shi ba, kuma in ya ga namiji riƙe da sanda jikinsa rawa yake yi. Mai Saƙa ba ta nemi abin da ya wuce ƙarfinsa ba. In irin wannan baƙon zai shigo, sai ta kai shi rumfarsa ta rufe.

Tsohon ya ga damina biyu a gidan. Wata la'asar tana shafa masa mai a ƙafa, ya ja dogon numfashi, rai ya yi halinsa. Gida ya cika da masu ta'aziyya, har da leburorin gidan katako. Ta rufe karen a rumfa tana fargabar zai tada wa mutane hankali, amma ko tari bai yi ba. Ya kwanta ya ɗora haɓa a kan ƙafafu, yana kallon ƙofar ɗakin da babu kowa.

Tana zaune cikin mata sai ta hango ɗan matar birkila, wanda bai daɗe da fara tafiya ba, ya sulale daga cinyar uwarsa ya kai bakin waya, ya zura yatsunsa ciki. Mutane sun cika tsakaninsu, in kuma ta yi ihu tana iya firgita karen. Guduma ya ɗaga kai, ya miƙo hanci ya sunsuni 'yan yatsun. Sai ya tashi, ya koma can ƙuryar rumfa ya kwanta ya ba yaron baya. Uwar ta kai wurin ta sure ɗanta, ta tsaya tana kallon karen, sannan ta waiwayo suka haɗa ido da Mai Saƙa. Da aka watse, matar birkilan ce ta tsaya ta taya ta wanke kwanuka.

Bayan kwanaki wani abokin Direba mai gona ya ce a ba shi karen ya yi masa gadi, tunda mai shi ya rasu. Mai Saƙa na shirin magana maigidan ya riga ta. "Gadi kuma? Ai ya yi ritaya. Kuma in ya tafi, wa zai saurari labarin fasinjojina? Maman yara ta daɗe da daina ji."

Labari ya bazu, mutane suka fara kawo mata karnukansu: mai bin babur, mai tsoron yara, mai kashe kajin maƙwabta. Takan ce musu ita ba likita ba ce, abin da aka nuna mata kawai take nunawa. Da yawa sun gyaru. Akwai wani baƙin kare na wani mai gidan burodi da ta yi ta fama da shi har ta ga ba haske, ta faɗa wa mai shi gaskiya cewa ba za a iya barin sa kusa da mutane ba. Ranar da aka yi wa karen allurar mutuwa ba ta iya cin abinci ba.

Guduma ya tsufa, bakinsa ya yi furfura, ƙugunsa ya riƙe. Wata safiya ta kai masa ruwa ta tarar ya tafi a cikin barci, kyanwa na kwance a jikinsa tana shan sauran ɗumi. Direba ya haƙa rami a bayan gida ya binne shi, ya daɗe tsaye riƙe da shebur. Shi ma bai yi nisa sosai ba bayan nan, ciwon zuciya ya ɗauke shi jim kaɗan da ajiye tuƙi.

Yanzu Mai Saƙa na zaune wurin 'yarta a wani bene, hawa na sama, inda masu gidan suka hana ajiye dabba ko da kaza ce. Idonta ya yi rauni, keken saƙa ya gagare ta, sai ɗan kwarashi da lalube. Da yamma takan sa a fitar mata da kujera baranda ta zauna tana kallon titi. Kwanan baya 'yar ta kawo mata shayi ta tarar ta jingina da ƙarfen baranda, ta zuba wa wani mutum ido yana jan karensa da ƙarfi zuwa cikin taron masu jiran mota, karen na turjewa.

"Mama, me kike kallo haka?"

"Riƙe min hannu," in ji ta, tana laluben takalminta da ƙafa. "Mu sauka. Ina da magana da bawan Allahn can."